Masu Sauya wa Taragu Layi

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya taso daga Baro a bakin Kogin Neja ya biyo ta Zariya, kuma ba a daɗe ba gyaɗa ta cika tasha har taragun ɗauka suka yi kaɗan. Daga baya layin ya yi rassa: na Ƙaura Namoda ya ɓalle daga Zariya a 1929, na Nguru ya fita daga Kano a 1930. Tsofaffin Fagge da Sabon Gari da suka tashi da jin kukan jirgi sun san wani aiki da fasinja bai damu da shi ba, wato jera taragu. Kan jirgi ya yi gaba, ya dawo da baya, a kwance wannan, a murɗa layi, a ƙulla wancan. In mai kwancewa ya yi sake, sai kan jirgi ya kama hanyar Legas da tarago guda, sauran suna zaune a tasha suna jiran ikon Allah.

Jirgin ya yi ƙaranci yanzu, amma sana'ar ta samu magada a benayen da ke kewaye da tashar, inda samari da 'yan mata ke rubuta wa 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa manhajar lissafi. Kayan aikinsu Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, Junio Hamano ke riƙe da shi tun a shekarar. A cikinsa akwai babban layi, inda aikin da aka amince da shi yake zaune. Mai son ƙara wani abu sai ya fitar da reshe, ya riƙa ƙulla gyare-gyarensa ɗaya bayan ɗaya. Kowane gyara komit ne, da lambarsa mai harafi 40, kuma a cikin lissafin lambar har da ta wanda ya gabace shi. To a ce an yi reshen rajistar atamfa da shadda, aka ɗora reshen littafin bashi a kansa, aka ɗora na tura wa masu bashi saƙon tuni a kan na bashin. Kafin a gama, babban layi ya matsa gaba. Sai a kwance reshen farko a sake ƙulla shi a sabon baki, wannan ita ce ribes. Lambobinsa duk sun sauya, na biyu da na uku kuwa suna nan maƙale da tsohon da babu mai buƙatarsa. A nan halin kowa ke fitowa fili.

Mai Dogon Jirgi bai iya jira ba. Ya miƙa reshen farko ga mai bita, mai bita ya tafi ɗaurin aure Katsina, shi kuma ya ce, "Kafin Oga ya dawo bari in ɗan rage hanya." Ragin hanyar nan ne ya zama reshe tara, kowanne a wuyan ɗan'uwansa. Oga ya dawo ran Litinin ya ce sunan wani gurbi a reshen farko bai yi masa ba, a mayar da shi "kuɗin hannu". Kalma biyu kacal. Mai Dogon Jirgi zai kwance tara ya ƙulla tara, kuma a kowanne sai Git ya ja birki ya ce an yi karo, a daidai layin da ya gyara ɗazu. Za ka same shi bayan isha'i, shayinsa ya huce har ya yi fata, yana roƙon allo da murya ƙasa-ƙasa. Yana da ƙane wanda ya bar nasa jirgin a gefe wata shida, ya dawo ya tarar an sake fasalin babban layi gaba ɗaya. Wannan ko ribes ba ta yi masa magani. Tsohon layin Legas faɗinsa milimita 1,067, sabon da aka ƙaddamar da aikinsa zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021 milimita 1,435, kuma ba a lallashin tarago ya buɗa ƙafa.

Sai Sarkin Ƙarfi. Tun da ribes tana sauya lambobi, GitHub, ma'ajiyar da kowa ke tura aikinsa, ba ya karɓar reshen da aka sake wa tushe sai an tura shi da ƙarfi. In reshenka ne kai kaɗai, ba laifi. Sarkin Ƙarfi bai taɓa jin labarin reshen da ba nasa kaɗai ba. Akwai turawa mai ladabi, force-with-lease, wadda ke fara leƙawa ko wani ya ajiye kaya tun rabonka da wurin, in akwai ta fasa. Shi a ganinsa wannan ta ragwaye ce, ga kuma tsawon rubutu. Lokacinsa ran Juma'a, ƙarfe ɗaya saura: ya danna, ya rufe kwamfuta, ya saɓa darduma, ya kashe waya. Bayan an sauko yaron ofis ya tare shi a ƙafar bene.

"Yaya, aikin da na tura jiya da dare ban gan shi ba."

"Ikon Allah. Ni dai a wajena komai lafiya lau. Ka duba sabis ɗinka."

Kishiyarsa shi ne Mai Tsoro, wanda ba ya taɓa ribes sai ya yi ajiya. Jerin rassansa abin kallo ne: bashi-ajiya, bashi-ajiya-na-gaske, bashi-kar-a-taɓa-don-Allah. Da ya ga karo na farko sai ya soke ribes ɗin ya sauka sayen tsire. Bai taɓa ɓata wa kowa aiki ba, nasa kuma har yau bai shiga babban layi ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Namu. In komit biyu suka taɓa layi ɗaya, Git yakan ajiye su duka, ya yi musu shinge da kibiyoyi bakwai a sama da bakwai a ƙasa, ya ce mutum ya zaɓa. Akwai gajeriyar hanya: ka ce a ɗauki "namu" ko "nasu" baki ɗaya. Mai Namu bai taɓa yarda wani ya fi shi gaskiya ba, don haka ko karantawa ba ya yi. Abin da bai sani ba, a lokacin ribes sunayen a juye suke. Git yana tsayawa ne a kan sabon tushe, yana ɗauko komit ɗinka ɗaya-ɗaya a matsayin baƙi, don haka "namu" na tushen ne, "nasu" kuma naka. Bawan Allah nan da hannunsa, da ƙarfin gwiwarsa, ya share aikinsa na mako guda, sannan ya miƙe yana neman wanda ya yi masa zagon ƙasa. Akwai ɗan ajinsu da ke gyara karon amma ya manta shingen a cikin shafin rasit. Alhaji mai shadda ya buga wa baƙon da ya zo sari daga Agadas rasit, sai ga kibiyoyi bakwai a saman jimilla. Ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ɗauki waya: "Kai yaro, wannan zanen na tsari ne ko kuɗi aka ƙara mini?"

Duk waɗannan ana yi musu dariya. Wanda ba a yi wa, alhali shi ne uban tafiyar, shi ne Oga Dunƙule. Shi mai tsafta ne, ba ya son babban layi ya cika da ƙananan komit. In ya amince da reshen farko sai ya dunƙule komit biyar ɗinsa su zama guda, da sabuwar lamba, ya shigar, ya goge reshen, ya yi shiru. A wurin Git wannan dunƙulen baƙo ne, bai san shi ne biyar ɗin nan ba. Mai reshe na biyu ya zo yin ribes, Git ya kwaso biyar ɗin ya yi ta ƙoƙarin ɗora su a kan kansu, karo ya biyo karo. Maganin ba wuya: a yi ribes da onto, a nuna wa Git daga ina za a yanke, na sama kaɗai za a ɗauka. Amma sai mutum ya san an dunƙule. Saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa, kuma Oga yana da data, don yanzu ya tura wa ofis bidiyon kyanwa. In aka yi ƙorafi sai ya gyara zaman hula ya ce yaran yanzu ba sa son karatu.

A teburin mai shayi kuma akwai malaman gardama biyu. Ɗaya ya ce ribes ƙarya ce, tarihi ba a sake shi, a haɗe rassa yadda suka zo ko da zanen zai yi tsamo-tsamo. Ɗayan ya ce tarihin da ba a iya karantawa ba shi da amfani, a miƙar da shi santal. Kowannensu yana kafa hujja da Torvalds, kuma babu wanda ya tura aiki a makon.

Can a lungu, kusa da taga, akwai Malama, wadda ita kaɗai ta karanta bayanin da ke zuwa da Git. Ta san tun a Oktoban 2022, da Git 2.38 ya fito, akwai update-refs: ka tsaya a reshen ƙarshe ka yi ribes sau ɗaya, na tsakiya duk su biyo. Ta kunna rerere, wanda ke tuna yadda ka warware karo ya maimaita maka in ya sake zuwa. Ta kuma san komit ba ya mutuwa nan take. Reflog yana riƙe da sawunsa, wanda aka yasar ma sai ya yi kwana 30 kafin a share. Ta faɗa musu duk wannan a taro, suka ce to, suka ci gaba da latsa waya. La'asar tana yi take rufe kwamfuta. Sai wuta ta kama ake tunawa da ita: "Malama, don girman Allah, minti biyu." Takan zo ta tsaya a bayan mutum, ba ta zama, ba ta taɓa madannai, sai dai ta ce rubuta kaza, ta nuna layi na huɗu da bayan biro. Aikin Mai Namu ya dawo daga lahira, shi kuma ya ce ai da ma abin da yake shirin yi ke nan.

Reflog dai a kwamfutar mutum yake zaune, ba ya bin aiki zuwa GitHub. Shi ya sa ba a iya korar Baba Filashi, wanda ya girmi kowa a ofis kuma bai yarda da Git ba ko kaɗan. Kullum da yamma sai ya kwafe aikin gaba ɗaya a filashin da ke rataye da makullin babur ɗinsa, ana yi masa dariya yana cin goro. Ranar da Sarkin Ƙarfi ya danne reshen bashi, yaron da ya rubuta shi kuma ya manta jakar kwamfutarsa a adaidaita sahu a shataletalen Bata, Malama ta duba ta ce wannan ba ta da ta cewa. Ofis ya yi tsit, sannan aka juya gaba ɗaya. Baba ya ɗauki lokacinsa yana kwance makulli.

"Wanne kuke so? Akwai na-ƙarshe, akwai na-ƙarshe-ƙarshe, akwai kuma na-ƙarshe-sabo. Sai dai ban tuna wanda ya riga wani ba."