Shinkafa a Kan Dutse: Ga Masu Musu

Na san halinku sarai. Da na ce a ƙasar Sin akwai manoman da ke noma shinkafa a kan dutse, sai wani ya tura hula gaban goshi ya ce, "Malam, ko dai ta roba ce?" Ku a wurinku Sin ba ta wuce wayar hannu da babur da tocilan da ke mutuwa tun kafin a iso gida ba. To, ku matso kusa.

A gundumar Yuanyang ta lardin Yunnan, ƙabilar Hani ta sassaƙe duwatsun Ailao hawa-hawa, kowane hawa fadama ce cike da ruwa. Akwai gangaren da za ka ƙirga hawa kusan 3,000, kai da bene mai hawa biyu ke sa ka haki. Sun fi shekara 1,300 a kan wannan aiki, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ko ita ma rufa-ido aka yi mata?

"To ruwan fa, da bokiti suke hawa da shi?" A'a, Alhaji, zauna ka sha labari. A ƙololuwar dutsen kurmi ne da ba a yarda a sare ba. Shi ke tare hazo da ruwan sama, ya sako su ta magudanai, su ratsa ƙauye, su bi gonaki ɗaya bayan ɗaya har kogi. Wajen rabo kuwa, gungumen itace ake gittawa a bakin magudana, a yi masa tsaga-tsaga, faɗin tsagarka gwargwadon gonarka. Ba injin ban-ruwa, ba kuɗin fetur, ba saɗaɗawa da tsakar dare a karkatar da ruwan maƙwabci. Ban kira suna ba, wanda ya tsargu da shi ake.

Taki ma ba a ɗaukarsa a ka. Ana tara kashin dabbobi a kududdufin ƙauye, in lokaci ya yi a buɗe, ruwa ya kai wa kowace gona nata. Ɓauna ke jan garma. Eh, ɓauna, amma ta gida, mai ladabi, ba irin wadda ta taɓa kora kakanka kan bishiya ba. Cikin fadamar ga kifi, ga agwagi, ga jar shinkafa da ake girbewa sau ɗaya a shekara.

Ban ce aljanna ce ba. Aikin na cin ƙugu, samari da yawa sun gangara birni neman aikin masana'anta, sun bar tsofaffi da gyaran kunya. Wa ya sani, ko wayar da kake latsawa kana ƙaryata ni, ɗan mai gonar ne ya ɗaure mata kusoshi?