Yadda Ake Tsaurin Ido a Damagaram Ba Tare da An Zubar da Mutunci Ba

Tsaurin ido sana'a ce mai ƙa'ida, kuma a ƙasar Damagaram ba a shigarta da ka. Mai koyo ya fara rarrabe kayan da zai ɗauka. Wanda ya tsaya gaban na gaba da shi ya faɗi gaskiya, ƙarfin hali ya yi, za a yaba masa ko a bayan ido ne. Wanda aka hana ya ƙeƙasa ƙasa ya ce sai ya yi, taurin kai gare shi. Yarinya mai mayar da magana tana murguɗa baki tsiwa take yi, shekaru kan rage ta. Amma wanda ya ci bashi bai biya ba, ya dawo neman ƙari har yana tambaya ko an sauke tukunya, wannan ya haura zuwa fitsara, ba shi cikin waɗanda ake ba shawara a nan.

Sharaɗi na farko shi ne ɗaurin gindi, malamin wannan fanni kuwa Sarki Tanimu ɗan Sulaiman ne, wanda doguwar sarautarsa ta kama daga 1851 zuwa 1884. A lokacin Damagaram na aika gaisuwa ga Shehun Borno a Kukawa. Tanimu ya fara kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ya tara bindigogi ta hannun fataken Sahara, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa a cikin garin. Sai bayan nan ya shiga haɗiye ƙananan sarautun da ke kewaye, waɗanda Borno ke ganin nata ne. Saboda haka mai son ya dubi mai gidan haya ido cikin ido, ya fara biyan kuɗin wata. Ɗan kabu-kabun da ke jin zai yi gardama da jandarma, ya laluba aljihu ya tabbata takardun babur na ciki kafin ya ɗaga murya.

Bayan ɗaurin gindi sai lissafin abin da za a biya. Sarki Ahmadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, ya kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Alu Babba, kuma a watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Kazmaju na Faransa da tafintansa a Zinder. Turawa suka dawo da ƙarfi, aka gwabza a Tirmini a watan Yulin 1899, a watan Satumba kuma suka kashe Kuran Daga. Wanda suka ɗora bayansa, Ahmadu Ɗan Bassa, shi ma suka tuɓe shi a 1906 bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodebuwa. Damagarawa ba su manta da Kuran Daga ba, babbar makarantar lise ta garin sunansa take ɗauke da shi. Irin wannan tsayuwa da gadon sarauta da rai ake biyan kuɗinta, don haka ba a kashe ta a layin famfo. Ruwa na wuya a Zinder, kowa ya sani, amma mai tsallake jarkoki goma ya dasa tasa a gaba kada ya ambaci Tirmini in matan unguwa suka taso masa.

Mai koyo ya kwantar da hankalinsa, al'ada ta tanadar masa filaye inda zai baje kolinsa ba mai cewa uffan. Mafi faɗi shi ne wasan barkwanci, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Gidan sarautar Damagaram asalinsa Barebari ne, Babarbare kuwa abokin wasan Bafillace ne. A Kasuwar Dole ranar Alhamis Bafillace kan tare dattijo mai rawani ya ce, "Kai bawana, ɗauko mini buhun nan." Dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaushe ka fito daga daji har ka san buhu?" Sai a tafa, mai kuɗi ya sayi goro. Haka taubashi da taubashiya, haka jika da kakarsa, wadda yake kira matarsa yana yi mata gorin ba ta iya tuwo ba. Ƙa'ida ɗaya ce tak: a binciki asalin mutum kafin a buɗe baki. Wanda ya kira baƙo bawansa, ashe ba wasa tsakaninsu, ya shirya kuncinsa.

Sai wasan kara, wanda Zinder ta yi suna a kansa. Bayan an kawar da amfanin gona, samari kan shiga kayan sarki, na gwamna, har na shugaban ƙasa, da dogarai da sojoji masu bindigar kara. Gwani yakan kwaikwayi tafiyar mai abin, da yadda yake gyara tabarau, da ɗan tarin da yake yi kafin jawabi, wani lokaci mai abin na zaune yana dariya. Wannan fili ya cancanci a riƙe shi da kyau, don nan ne talaka ke nuna wa shugaba kamanninsa ba tare da an ɓata ba. Sai dai ana tuɓe muƙamin tare da rigar. Gwamnan kara da ya wayi gari yana aika yayansa sayen shayi ya wuce gona da iri.

Hawan ƙaho ba na mai koyo ba ne. Gadon mahauta ne, kuma bijimi ba ya wasan barkwanci da kowa. Kokawa kuwa ƙofarta a buɗe take: tun 1975 ake gasar takobi a Nijar, kuma a filin Langa-Langa na Zinder kowane ɗan kokawa na da damar ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya ce bayansa bai san ƙasa ba. Abin lura kawai, bayan kirari akwai kamu, a gaban jama'a da makaɗa.

Akwai wuraren da ake ajiye tsaurin ido gaba ɗaya. A ƙofar fada ana tuɓe takalmi, a yi jinjina, a ce "Allah ya ja zamanin sarki", ko da ƙara aka kawo. A zauren malam ana durƙusawa. Mafi tsanani duka gidan surukai ne. Nan ba a ambatar sunan baba ko inna, ba a haɗa ido, in an kawo fura a kurɓa kaɗan a ture ƙwarya a ce an ƙoshi, ko da tun asuba ba a sa komai a ciki ba. Ɗan kokawar da ya ɗauki takobi ma, in ya hango surukarsa a lungun Zango, tun daga nesa yake cire takalmi ya tsuguna, ya amsa gaisuwa da "lafiya lau, inna" har ta ba da baya.