Haƙori Ɗaya Tal, Sai An Zagaye Kaina Da Na'ura?

Na ji ka, malam. Ka ce haƙori ɗaya ke maka zugi, likita ya buɗe bakinka ya gani da idonsa, to hoton me kuma? Wai ma sai na CBCT, wanda na'ura ke kewaya kan mutum. Ka ce neman kuɗi ne kawai. Haba! Idon likitan huda ƙashi yake yi?

Saiwar haƙori a binne take cikin muƙamuƙi, kuma a na ƙasa akwai jijiyar da ke sa leɓenka da haɓarka su ji taɓi. Haƙorin nan na can ƙurya, mai fitowa bayan an girma, yakan kwanta a karkace, saiwarsa dab da ita. Ka ce ai hoton da aka saba zai nuna. Wannan inuwa ce kawai: mutum biyu su tsaya gaban fitila, a bango ba ka gane wa ke gaba, wa ke baya. Ita kuwa na'urar CBCT, cikin ƙasa da minti ɗaya ta ɗauki hotuna ɗaruruwa, kwamfuta ta harhaɗa, likita ya jujjuya muƙamuƙinka a allo ya auna tazarar da milimita. Ko ka fi son ya cira da ka? To, ranar da shayi ya riƙa zuba ta gefen bakinka ba ka sani ba, kar ka zo mana da kuka.

Ka ce hasken na'urar fa, ba ya illa? Yauwa, yau ka yi magana. Ya fi na ƙaramin hoton haƙori yawa, amma galibi bai kai na babbar na'urar CT ta asibiti ba, kuma mai juna biyu ta faɗa kafin a fara. Sai dai ka rage raki. A 1896 wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya yi minti 25 cur hasken na dukan bakinsa don ya ɗauki hoton haƙoransa. Kai 'yan daƙiƙoƙi aka ce ka tsaya cik, kana ta huci.

Sabon yayi ne? Tun ƙarshen shekarun 1990 aka ƙera irin wannan na'ura mai suna NewTom a Verona ta Italiya. Ta girmi ɗan autanka.

Au, yanzu kuma so kake a ɗauke ka duk zuwa? Tsaya, Alhaji! Ɗan ramin da alewa ta yi maka, ƙaramin hoto ya wadatar. Na'urar CBCT ta dashen haƙori ce, da wanda ya maƙale a ƙashi, da saiwa mai murɗiya. Tsutsar da kake rantsuwa tana cin haƙorinka ba za ta fito ba, don babu ita. Tabarau kuma sai ka cire, ƙarfe na watsa hasken ya ɓata hoton. Haƙorin Makkan nan da kake washe mana tun da ka sauka daga jirgi, shi ma sai ya ja wa hoton zane-zane.