Shari'ar Ƙafar Hagu

Umdurman, Fabrairu 2022

Taubashina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da wannan tumbin da na gani a hoton suna. Saƙon Inna na aika ta hannun wanda ka sani. Maganar gona a bar ta sai na zo, kada ka kuskura ka sa hannu a takardar kowa. Mu lafiya lau, sai tsadar burodi da rufe gadoji duk ranar zanga-zanga, wanda ya kwana a Hartum ya kwana ke nan. To mu je ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka ce surukinka na Kanada ya aiko da bidiyon ɗansa yana ƙwallon gora a kan ƙanƙara, an cika zaure ana kallo, har Kawu ya ce yaron ya fi walƙiya. Ni ma na kalla. Yaro ya ɗaura wuƙaƙe a tafin ƙafa, ya kifa ƙwarya a ka, yana bin wani baƙin abu kamar ƙosan da ya ƙone. Allah Ya raya shi. Amma ka gaya wa surukin naka mu nan ƙanƙara a kula muke ganin ta, ita ma sai ranar da aka bar mana wuta, kuma mu ma muna da ɗan wasan gaba a gida. Ɗanka nake nufi, Auta, wanda ka saɓa a kafaɗa ranar da za mu taso yana cizon kunnenka. Shekararsa 14 yanzu, ya kusa kamo ni tsawo, ya wuce ni cin abinci tuntuni.

Kullum bayan la'asar yaran unguwa suna fita fili su yi abin da ake kira dafuri a nan, wato tamaular rairayi irin tamu ta bayan makaranta, dutse biyu raga, babu alƙali. Babu alƙali a cikin fili, na ce. A gefe kuwa, ƙarƙashin darbejiya, wurin mai shayi, akwai kotu sukutum. Dattawa ne wajen bakwai cikin fararen jallabiyoyi da rawuna, kowa a kan 'yar kujerarsa, ga gahawar jabana tana tururi da citta. Aikinsu ɗaya a duniya: su yanke wa ɗan mutane hukunci. Hukuncin kuma iri biyu ne tak. Ko a ce yaro harif ne, wato gwani, ko a ce kisha ne, wato wanda ƙwallo ke gudunsa. Babu dama-dama, babu ɗaukaka ƙara.

Kafin ka gane shari'ar sai ka san yadda garin yake. Ranar da na tare a unguwar nan ba wanda ya tambaye ni sana'ata ko ɗariƙata. Aka dafa mini kafaɗa yadda suke gaisuwa, aka jero tambayar lafiya har na fara neman wurin zama, sannan aka ce: Hilal ko Merrikh? Su biyun duk 'yan Umdurman ne, filayensu a Arda, tsakaninsu tafiyar ƙafa ce da ba ta isa ta sa ka gumi ba. Merrikh ja da ruwan ɗorawa, tun 1927 take amsa sunan, filinta suna ce masa Jar Ganuwa. Hilal shuɗi da fari, ta 1930, filinta Shuɗin Lu'ulu'u. Na ce ni Sai Masu Gida, Kano Pillars. Na ɗauka na tsira. Wani dattijo ya ajiye finjalinsa ya ce ai sun san mu, a 2009 rukuni ɗaya muka faɗa da su duka biyun a gasar zakarun Afirka, muka wuce mu da Hilal, Heartland ta tare mu a wasan kusa da na ƙarshe. Kai da kake rantsuwa ba ka taɓa fashin wasa a Ƙofar Mata ba, na san sai ka yi tunani kafin ka tuna. Shi ko numfashi bai ja ba. Ya gama ya ce to, duk da haka, Hilal ko Merrikh? Shekara goma ke nan ban ba da amsa ba, shi ya sa har yau ake zuba mini gahawa daga ɓangare biyu.

To Auta ya faɗa hannun waɗannan. Wata rana ya zura ƙwallo uku ringis, na taso ina gyara hula, ina jiran a ce mini barka. Kotu ta zauna. Shugaban ɓangaren shuɗi ya ce ta farko da tsinin yatsa ya buge ta kamar mai korar kare. Ta biyu gola ne ya yi masa sadaka. Ta uku kuwa bai ko dubi ƙwallon da mutunci ba kafin ya dake ta. Hukunci: kisha. Bayan kwana biyu yaron nan bai ci ko ɗaya ba, an lallasa su huɗu da nema, amma sau uku yana zura wa wani dogon mai tsaron baya ƙwallo ta tsakanin ƙafafu. Mu osi muke cewa, su ƙwai suke kiran ta. Taubashi, sai ga dattawa tsaye! Wani rawaninsa ya warware bai sani ba. Aka ce harif ne ɗan harif, ni da ban taɓa buga ko lemon tsami ba aka haɗa da ni. Aka saya masa kwanon bosh, wato burodi da romon wake da man riɗi, ya cinye shi kaɗai. Na ce jama'a, a garinmu ƙwallo a raga ita ce magana. Suka dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka kai walima ya tambayi kuɗin kwano.

Babbar shari'ar ita ce ta ƙafar hagu, yau wata huɗu ana zamanta. Ɓangaren shuɗi sun ce yadda yake kwantar da ƙwallo ya ɗaga kai kafin ya taɓa ta, wannan makarantar Haisam Mustafa ce, kyaftin ɗin da ya yi wa Hilal shekara 17. Ɓangaren ja suka ce ƙarya ne, yadda yake banko ƙirji ya nufi raga jinin Faisal Ajab ne na Merrikh, kuma in ana maganar Haisam, ai shi ma daga ƙarshe jar riga ya sa. Nan fa aka tashi baram-baram, mai shayi ta kwashe kofunanta. Washegari aka dawo, aka dafa kafaɗu, aka yi gaisuwar rabin sa'a, aka ɗora daga inda aka tsaya. An kira shaidu. An auna ƙafar yaron da taƙi. Wani ya tambaye ni ko a danginmu akwai bahago, na ce akwai wani taubashina da ko tuwo ya samu da hannu biyu yake ci, aka rubuta ka cikin hujjoji.

Bari in gaya maka nawa ganin, tunda a nan ba a ba uba damar magana. Ƙafar hagun gaskiya ce. Rairayin nan ba ya barin ƙwallo ta yi tafiya yadda aka aike ta, don haka yaron ya koyi riƙe ta kusa da jiki kamar mai goyo. Yana karɓar ta ya ba raga baya, ya jingina da mai tsaronsa ya ji ta wane gefe nauyinsa yake, sai ya juya ta ɗayan. Wannan ba wanda ya koya masa. Ƙafar dama kuwa ta hawa raksha ce kawai, wato adaidaita sahunsu. Ba ya sa kai, wai kada askinsa ya lalace. Rowar ƙwallo kamar ya gaje ka: abokinsa na tsaye shi kaɗai gaban raga yana ihu, shi yana can yana neman wanda zai yanka na huɗu. Da kocin ƙungiyar yara ta unguwa ya ɗauke shi aka fara wasa da alƙali na gaske, sau bakwai aka kama shi da satar fage a rana ɗaya, don a dafuri ba a san wannan doka ba. Bara ya yi wani irin tsawo farat ɗaya, ƙafafu suka riga shi girma, wata biyar yana tuntuɓe da inuwarsa har kotu ta fara shirin rufe fayil. Yanzu jikin ya dawo hannunsa. Kocin ya mayar da shi gefen dama don ya riƙa kutsowa ciki ya buga da hagu, ya kuma hana shi taɓa ƙwallo fiye da sau biyu a atisaye. Yana dawowa gida yana ƙunƙuni kamar an hana shi gado, amma ran Juma'a na gan shi ya miƙa wa wani ƙwallo ya ci. Na waiga ko akwai wanda zan ce wa ka gani? Babu kai.

Sun ma raɗa masa suna, don a nan ɗan wasa ba ya cika sai da laƙabi. Muhammad Abdurrahman na Hilal, Garbal suke ce masa, wato rariya. Bakri Almadina kuwa Akrab, kunama. Ɗanka aka sa masa Agashe. Agashe tsirenmu ne, mutanenmu suka kawo shi ƙasar nan, jikokin mahajjatan ƙafa da na waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda ake haɗa mu da su a ce Fallata. Na ce ni tela ne, ban taɓa gasa ko hanta ba. Suka ce ba ruwansu, yaron yana gasa masu tsaron baya har da ƙuli.

Wasan Garwa kuwa, na 15 ga Janairu, wanda Najeriya ta kara da ƙasar nan a gasar kofin Afirka, a kulob ɗin unguwa na kalla, ni kaɗai ɗan Najeriya cikin taron jallabiyoyi. Chukwueze ya ci, na yi tari. Awoniyi ya ƙara, na sunkuya ina gyara takalmin da ba shi da igiya. Da Moses Simon ya zura ta uku sai na fita wai zan yi alwala, na je bayan gini na yi rawa ni kaɗai kamar mai aljanu. Aka tashi uku da ɗaya. Na dawo da fuskar jimami, ba ta hana a karanta mini tarihi ba: a Hartum aka fara gasar kofin Afirka a 1957, sun ɗauka a 1970, Merrikh ta karɓe kofi a hannun Bendel United a 1989, Kunama ya harbe mu ɗaya da nema a Oktoban 2014. Da Tunisiya ta koro mu bayan kwana takwas, kotun nan gaba ɗayanta ta zo shagona a jere, kowa ya dafa kafaɗata ya ba ni haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Na sayi shayin mutum bakwai a kan rashin da aka yi mini.

Akwai guda cikinsu, ɗan ɓangaren ja, wanda ba ya tsokanata. Shi ya ce yana cikin fili ranar 6 ga Maris 2010, lokacin da Endurance Idahor, ɗan ƙasarmu mai ci wa Merrikh ƙwallo, ya faɗi ana wasa da Amal ta Atbara bai sake tashi ba. Na lura duk sanda aka kayar da Auta, tsohon nan sai ya dafa sandarsa ya miƙe, ba ya zama sai yaron ya tashi ya karkaɗe wando. Bai taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Daren wasan Garwa na dawo gida ina ɓoye murmushi, na tarar da ɗanka ya ture kwano. Na ce da Hausa, lafiya? Ya amsa mini da Larabci, wai an cinye mu. Mu, Taubashi. Na tsaya a bakin ƙofa ina lissafin su wa ke cikin wannan mu ɗin. Uwarsa ta ce in bar shi, yaro ne. Na bar shi. A fili ma da Larabci yake neman ƙwallo, da Larabci yake zagi, Hausa sai in zai roƙe ni kuɗin takalmi.

Don haka ga aike. Ka samo mini rigar Pillars ta gaske, ba irin wadda ka sayo wa yaranka ta koɗe a wankin farko ba, a buga lamba 11 a baya. Ka haɗo da kuka da daddawa, kilishin kuma a ba wani ya riƙe, ba kai ba. Sannan ka ɗauki muryarka a waya ka yi masa kirari irin wanda kake yi mana a filin makaranta kana rungume da takalmanmu, tunda abin da ka iya ke nan a harkar ƙwallo. Ka ambaci sunan kakansa da unguwarmu. Zan kunna masa ranar da kotu za ta yanke hukuncin ƙafar hagu, an sa bayan Sallah, in ɓangaren shuɗi ba su sake neman ɗagawa ba.

Ka gaida Inna, ka ce mata jikanta yana sallah a kan lokaci in ba a tashi wasa ba. Surukinka kuma in yana son a gwada yaran biyu, filinmu a buɗe yake, ya taho da ƙanƙararsa.

Naka,
Ubangidanka na Umdurman