Zuwa ga Taubashina, Mai Yi wa Hoto Ɗinkin Salla

Ɗan Gwaggo, bawana na Dapaong, ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, ko da yake lafiyar magidancin da ke sayen wando da dayamon tana bukatar bincike.

Yaran gidanmu na nan Komah a Sokode, waɗanda kuke haɗa rukuni da su a Free Fire, sun nuna mini mutumin da ka shirya a cikin waya kake cewa kai ne. Dogo, mai faɗin ƙirji, fari sol, gashi shuɗi a tsaye, jar riga mai ƙyalli, jaka a baya tana fitar da wuta, ga tabarau, ga wata 'yar dabba tana binsa. A saman kansa an rubuta suna da taurari da kambun sarauta hagu da dama. Na ce wa yaran su sake dubawa. Taubashin da na sani gajere ne, tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, sanƙo ya cinye rabin kansa tun kafin a kai masa lefe. Wanne daga cikinku Gwaggo ta haifa?

Saboda masu karatu da Allah ya tsare su daga wannan jarabar, ga yadda abin yake. Kamfanin Garena na Singafo ne ya fito da wasan a 2017. Mutum hamsin ake zubowa daga jirgi da lema a kan tsibiri, kowa ya nemi makami, fili yana ta matsewa, wanda ya rage shi ne gwani, a rubuta masa Booyah. Cikin minti goma ko abin da ya ɗan fi haka an gama, kuma ƙaramar Tecno ko Itel tana ɗaukarsa, shi ya sa ya mamaye zangonninmu. Shiga kyauta ne. Ado ne na kuɗi. A cikin wasan akwai kanti, kuɗin kantin sunansa dayamon, shi kuwa dayamon da sefa ta gaske ake sayensa, irin wadda ake gumi kafin a samu. Kai kana tura wa dillalai ta Flooz ko T-Money, wanda shi ma na ga kwanan baya ya sake riga da suna. Zamanin ne ya zo da haka.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka. Za ka ce ai ba ado kaɗai ba ne. To, na ba ka rabin gaskiya. Alok, makaɗin nan na Barazil da aka sa a wasan a 2019, yana ƙara wa rukuni lafiya da sauri. Chrono, wanda aka zana da kamannin Cristiano Ronaldo a ƙarshen 2020, yana kafa garkuwa. Fentin bindiga ma yana ɗan ƙara mata wani abu. Amma wandon fa? Gashin fa? Wace harsashi ce ta taɓa ganin shuɗin gashi ta kauce? Abin da jar rigar nan take yi maka guda ɗaya ne: tana nuna wa mai hange daga kan tudu inda ka laɓe. Yaran sun ce kai ne farkon faɗuwa, sai su bar yaƙi su dawo ɗaga ka. Ka sayi kaya da kuɗinka don a fi saurin ganinka a harbe.

Mafi ban dariya shi ne yawancin kayan ba a ma sayar maka da su kai tsaye. Akwai wani faifai da ake juyawa, ka zuba dayamon, ya zagaya, ya tsaya inda ya ga dama. Kana neman riga, ya ba ka safa. Ka sake zubawa. Wata hukumar Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatunan sa'a na wasanni a 2018 ta ce caca ce. Ka kai wa limaminku na Dapaong tambayar, ka ji ko zai saɓa wa Turawa a wannan karon.

Ka san daga ina wannan kasuwa ta samo suna? Daga doki. A 2006 wani kamfanin Amurka, Bethesda, ya sa sulken doki a kasuwa cikin wasansa Oblivion, dala biyu da rabi. Duniyar 'yan wasa ta yi ta dariya, wai wane wawa ne zai sayi kayan dokin da ba ya cin harawa. Masu dariyar ne suka saya. Yau ga Fortnite, ga PUBG Mobile, ga naku, duk da kuɗin kwalliya suke rayuwa, har sai da hukumar ciniki ta Amurka ta sa Epic Games, mai Fortnite, ya amince a 2022 zai mayar da dala miliyan 245 ga mutanen da aka zarga cikin sayayyar da ba su yi niyya ba.

Mu mutanen Sokode ba za a koya mana kayan doki ba. Garin mahaya ne. Sunan mayaƙan dawakinmu na dā, Semassi, shi ƙungiyar ƙwallonmu take ɗauke da shi har yau. Ka sha zuwa bikin Adosa a watan Maulidi, ka ga yadda ake fito da dawakai da jalala da dan goshi da linzami mai tuntaye, mahayi ya sha rawani, mata sun fito rawar Koso kowace da zanen da ta daɗe tana ɓoyo. A bikin ne kuma mazan unguwar Didawure ke goga wuƙa a jikinsu ba riga ba sulke. Na tuna inda kake tsayawa: bayan mai sayar da wagashi, ido a rufe. Yanzu wai kai ne mai kambu hagu da dama.

Don haka ba son ado nake zarginka da shi ba. Jininmu ne. Kakanninmu fataken goro da suka bi wannan hanya tsakanin Kano da Salaga ba su shiga gari da tsumma. A bayan gari ake tsayawa a sake riga, don wanda ya shigo a wulaƙance a wulaƙance za a yi masa ciniki. Na kuma ji yadda yara ke yi wa wanda ya shigo wasa da rigar kyauta, su ce masa bot, wato ba mutum ba ne, na'ura ce ke motsa shi. Babu mai son a raina shi a gaban rukuni, ko da rukunin 'yan shekara goma sha huɗu ne kai kuma kana da furfura a gemu. Sai dai na duba kantin naku ban ga babbar riga mai aska takwas ba, ban ga saƙin Kotokoli ba, ban ga hula ko ɗaya irin tamu ba. Duk kuɗin da ka zuba, abin da ka samu shi ne ka yi kama da ɗan wani.

Kuma kayan ba naka ba ne. Rigar kakanmu tana nan cikin adaka a Komah. An are ta an ɗaura aure, an taɓa jinginar da ita a shekarar yunwa aka fanso ta, kai ma da ita ka yi angonci, muka naɗe maka hannuwa don kada ka taka. Taka rigar fa? Ba ta aruwa, ba ta jinginuwa, tana zaune a kwamfutar wasu, izinin sawa kawai aka ba ka. Tambayi waɗanda suka yi wa kansu kwalliya a Apex Legends na waya. An buɗe shi a 2022, aka rufe a watan Mayun 2023, kamfanin ya ce ba a mayar da kuɗi. Kayan aro ba ya rufe katara, balle wanda mai shi ke iya kashe wuta ya tafi. Ranar rabon gadonka, bayan shekaru masu yawa in sha Allah, ina son in ga fuskar malamin da za a ce ya fitar wa matarka tumuni daga shuɗin gashi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Muharram ya wuce ban ga kuɗin shara ba, na bara ma shiru. Kada ka kawo mini zancen nisa. Motocin da ke bi ta Mango da Kara su ratso dutsen Alejo kullum suna sauke fasinja a tashar Sokode, wayar da kake tura wa dillalan dayamon kuma ta san lambata. Sefa nake so. Ka gaida Gwaggo da kyau. Atamfar da ka yi mata alkawari tun sallar layya, in ta ƙosa, ka ce mata ta buɗe asusu a Free Fire, don can ɗanta ke rabon tufafi.