Yadda Ake Kai Iyali Hutu Tsibiri a Dawo da Kowa Cif

Masu hannu da shuni na ƙasashen Turai, idan aiki ya ishe su, sukan kwashi mata da yara su hau jirgi zuwa tsibiran Bahar Rum, Malta ko Kubrus ko Sisiliya, su yi 'yan kwanaki suna shan iskar teku su komo. Mu a Sudan, a Mai Wurno da ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu ba da shaƙatawa muka san wannan teku ba. Mun san shi da samarinmu da suka bi ta Libiya suka shiga kwalekwalen roba, wasu har yau iyayensu na jiran waya. Don haka, malam maigida, bar wa Turawa tekunsu. Allah ya ba mu namu tsibirin a cikin Farin Nilu, wato Jazira Aba, arewa kaɗan da Kosti da Rabak. Ba ya neman biza, ba ya neman dala. Kuma yaran nan naka da suka sha jin ƙarar bindiga tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 sun cancanci a kai su inda za su ga ruwa da inuwa, su yi dariya har cikinsu ya ƙulle.

Fara da zaɓen lokaci. Kada ka kuskura ka sa rana a cikin damina, daga Yuli zuwa Satumba, domin baƙar ƙasar Jazira idan ta sha ruwa ba ta sakin takalmi, balle mota. Wanda ya fita da iyali a Agusta, hutunsa zai ƙare a bakin garinsu yana tura bokis, uwargida tana ba da umarni daga sama. Afrilu da Mayu kuwa rana ce mai dafa ƙwai a aljihu. Jira sai dawa ta shiga rumbu, sanyi ya sauko, wajen Disamba ko Janairu, kafin tsinkar auduga ta kankama da kuma kafin alkama ta nuna a hawasha, wato gona. Kwana biyu ko uku sun isa.

Abu na biyu shi ne rufe baki. Idan ka faɗa wa uwargida ranar Asabar cewa za a tafi Laraba, to kafin Litinin labari ya kai Sinja. Kai ka ƙirga mutum shida, amma da asubar ranar tafiya za ka tarar da ƙofar gidanka ta cika: ga Inna ta ɗaure zanenta na Sallah, ga Gwaggo da jikokinta uku, ga Kawu wanda ya rantse ya san hanyar nan tun kafin a zuba mata kwalta, ga ɗan maƙwabci da ba wanda ya gayyata amma ya riga kowa wanka. Shawarata, kada ka kori kowa. Zumunci a ƙafa yake, kuma mutanen da yaƙi ya tarwatsa tsawon watanni ba su da abin da ya fi musu daɗi irin su matsu a mota ɗaya. Sai dai tun farko ka yi lissafin kuɗin mota ninki biyu, kuma ka naɗa babbar 'yarka mai ƙirga kawuna. A duk inda aka tsaya, ba a tashi sai ta ce an cika.

Kaya kuma, ka yi haƙuri da uwargida. Za ta haɗa su kamar za a kai amarya: tukunya biyu, murhun gawayi, kisra da aka toya tun dare, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, gero na godogodo, jabana ta dafa gahawa da kofunanta a naɗe cikin tsumma, har da tabarmar da ta ce yara ba sa barci sai a kanta. Kada ka yi gardama a kan kisra da jabana, za ka gode mata a hanya. Inda za ka tsaya da ƙafarka shi ne angareb da akuya. Inna za ta ce ba ta iya kwana a gadon wasu, kuma akuyarta ba ta cin abinci a hannun kowa. Ka durƙusa ka ce, "Inna, a Aba ma akwai gado, akuya kuma na bar wa Baffa amanarta." In ta yarda, ka ci rabin tafiya. Abin da kai za ka sa da hannunka shi ne gidan sauro, jarkar ruwan sha da aka tafasa, gishirin haɗi na gudawa, maganin zazzaɓi, da ƙullin yajin ƙuli, wanda za ka ji amfaninsa nan gaba.

Takardu ba wasa a cikinsu. Kowane babba ya riƙe katinsa mai lambar ɗan ƙasa, yara kuma a ɗauki takardun haihuwarsu a saka a leda. Shingayen bincike suna da yawa tun da aka fara yaƙin nan, kuma mun san Bahaushe a Sudan yakan gamu da mai tambayarsa daga ina ya zo, ko da kakansa ne ya yi dakon ƙasa a aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, ko da gumin iyayensa ne ya raya audugar Jazira. Rikicin Shuɗin Nilu na 2022 bai bar ƙwaƙwalwar kowa ba. Ka miƙa kati da sallama, ka amsa abin da aka tambaya, ka wuce. Ka gargaɗi samari masu son hoto cewa gada da madatsa da shinge ba wuraren ɗaga waya ba ne. Kuɗi kuwa, manhajar Bankak tana da daɗi ranar da akwai intanet, amma mai shayi a tasha ba za ta jira layi ya dawo ba. Raba tsabar kuɗi gida biyu, rabi a aljihunka, rabi a bakin zanen uwargida, inda ko kai ba ka isa ka taɓa ba sai da dalili.

Daga Mai Wurno za ka yi arewa zuwa Sinnar, tafiyar da ba ta kai a buɗe ƙullin guzuri ba, ko da yake yara za su buɗe. Mutanen wajen Wad Madani su ma nan za su gangaro. Daga Sinnar sai ka nemi motar Rabak, ka yi yamma. Kumsari, yaron mota, zai ce maka saura mutum ɗaya a tashi. Wannan mutum ɗaya yana can gida bai gama karin kumallo ba, don haka ka zaunar da iyali, ka saya musu ful da ɗa'amiyya, ka sha shayi a natse. Idan aka kama hanya, tambayar "Baba, mun iso?" za ta fara tun ba a bar gari ba. Maganinta shi ne ka sa Kawu ya ba da labari, tunda dama abin da ya zo yi ke nan.

A tsakiyar hanya za ku ga duwatsun Jabal Moya sun taso daga fili. Nuna wa yara, ka gaya musu wani attajirin Bature mai sayar da magani, Henri Welkam, ya yi shekaru daga 1910 zuwa 1914 yana tono kaburburan mutanen da a wurin, har ya gina gida da manyan duwatsu. Amma a nan raha ta tsaya. An gwabza yaƙi a kan waɗannan duwatsu a 2024, hanyar ta yanke daga tsakiyar shekara har zuwa Oktoba. Idan mota ta tsaya don a kama ruwa, yaro kada ya yi nisa da kwalta, kuma duk ƙarfen da ya gani a ƙasa, komai ƙyallinsa, kada ya taɓa. Faɗa musu wannan tun a gida, ka maimaita a mota, ka sa Inna ta ƙara faɗa da muryarta da ba a musu da ita.

Daga Rabak sai ka yi arewa kaɗan, ka shiga tsibirin ta Jasir, hanyar da aka cike ta haɗa shi da gaɓar gabas. Yaran da suka sa rai da jirgin ruwa za su ɓata fuska, sai ka yi musu alkawarin kallon masunta da yamma.

Yanzu fa ka iso inda ya kamata ka rage sauri. Aba ba baƙon wuri ba ne ga zuriyar waɗanda suka taso daga ƙasar Shehu. A nan Muhammadu Ahmad ya zauna tare da 'yan uwansa masu sassaƙa jiragen ruwa, yana ibada a cikin kogo, a nan kuma ya bayyana kiransa na Mahadi a 1881. A watan Agustan shekarar gwamnatin Turkawa ta aiko sojoji cikin jirgin ruwa su kama shi, mutanensa suka tarye su da sanduna da masu da takubba suka ci su da yaƙi. Kafin shekara huɗu ta cika Khartum ta faɗi hannunsa. Labarin ya kai har ƙasarmu ta asali, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya amsa kiran daga Adamawa. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo sauran jama'a gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906. Da Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi ya dawo ya raya Aba da noma, mutanen yamma da yawa, har da namu, sun zo sun yi masa aiki a gonakin auduga don neman albarka. Kai yaranka su ga kogon, su ga Masallacin Kaun, su ga fadar Sayyid Abdurrahman. Ka kuma gaya musu cewa a watan Maris na 1970 gwamnatin Numairi ta yi wa tsibirin ruwan wuta, mutane da dama suka mutu, amma gari ya sake tashi. Yaron da ya ga an fasa ƙofar gidansu yana bukatar ya ji wannan da kunnensa, ya ga kasuwa tana ci a inda aka taɓa yin kuka.

Ko kai Batijjane ne ko Baƙadire, ka shiga da ladabi. Mutanen Aba Ansaru ne, wato mabiya Mahadi, suna karanta Ratibin Mahadi safe da yamma, don haka a rage hayaniyar yara idan an zauna karatu. Za ka ga jallabiyarsu mai aljihu gaba da baya, wadda ake sawa ta kowace fuska. Kawu zai so ya sayi ɗaya. Bar shi ya saya, mutumin da ke neman carbinsa kullum ya samu ƙarin wurin nema.

Masauki ba zai ba ka wahala ba in kana da dangi ko abokin dangi a Aba ko Rabak ko Kosti, kuma da wuya a rasa. Wahalar tana wajen cin abinci. Kowane gida zai rantse sai kun ci, kuma "na ƙoshi" ba ta cikin kalmomin da mai masauki yake ji. Ci kaɗan a gidan farko, domin akwai na biyu da na uku suna hura wuta. Sai dai ka tuna gidajen nan da yawa sun ɗauki 'yan gudun hijira tsawon lokaci, tukunyarsu ta gaji. Shiga da mudun dawa, da sukari, da mai, ka miƙa wa uwar gida ta hannun uwargidanka ba tare da surutu ba. Da zarar an ji kai Bahaushe ne kuma, za a ce sai ka yi musu agashe, wato tsire, ko da kai malamin allo ne da bai taɓa riƙe tsinke ba. A nan ƙullin yajin nan zai fitar da kai kunya. Sayi nama, ka sa samari su hura gawayi, ka tsaya a kansu kana gyara murya.

Ruwa kuma a kalle shi da ido. Farin Nilu yana tafiya a hankali, yana da ciyayi a gefe, kuma irin wannan ruwa ne tsargiya ke so, cutar da muka sani sarai daga tur'o'in ban ruwa na Jazira. Kwalara ma ta yi ɓarna a Kosti a farkon 2025. Yara su zauna a gaɓa su ga masunta suna jawo koma, a saya musu soyayyen karfasa mai zafi, su sha ruwan jarka ko wanda aka tafasa. Magariba na yi a shiga gidan sauro, har Inna, wadda za ta ce sauro ya san ta ba ya cizonta.

Tsaraba ita ce jarrabawar ƙarshe. Maƙwabta sun san ka ratsa ƙasar rake, kusa da Kenana da Asalaya, don haka kowa yana jiran buhun sukari. Kai dai sayi busasshen kifi, kajek, a kasuwar Rabak, ka raba ƙulli-ƙulli. Yana da araha, yana gyara miya, kuma warinsa zai sa a ba ku wuri mai faɗi a mota. Baffa da ya yi jinyar akuya a ba shi ƙulli biyu.

Kafin ka sa rana, je tashar Sinnar ko ka buga waya, ka ji halin hanya daga bakin direban da ya bi ta a makon nan. In ya ce lafiya lau, koma gida ka ce wa yara su wanke kayansu.