Mai Tambaya Ba Ya Ɓata, Ni Kuwa Ba Na Tambaya

Akwai kalmomi uku da harshena ya ƙi ɗauka tun ina saurayi, su ne "ban sani ba." Ina iya ba da haƙuri, ina iya neman rance, ina iya yaba miyar da gishiri ya yi wa yawa. Amma in tsaya gaban mutum in ce ya nuna mini hanya, wannan kam sai an kai ruwa rana. Maiɗakina ta ce ciwo ne, kuma na gado, domin a Zuru da wuya ka sami gidan da babu soja, ita kuwa ba ta taɓa ganin tsohon sojan da ya yarda ya ɓata ba. Ni ko bindiga ban taɓa riƙewa ba. Alli na riƙe. Na yi shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, ina zana koguna da duwatsun da ban taɓa takawa ba, yara suna kwafa suna cewa "to, Malam." Wanda ya saba a ce masa "to" kullum, ranar da aka ce shi ma ya ce "to" sai maƙogwaro ya riƙe.

Ciwon nawa hawa biyu ne. Na farko, ba na tambaya. Na biyu ya fi muni: in aka haɗa ni da ja-gora, sai in koma ni ke yi masa ja-gora. Na taɓa kai ɗalibai gandun dajin Tafkin Kainji, ɓangaren Borgu, aka ba mu ma'aikacin daji da bindigarsa a kafaɗa. Bawan Allah ya durƙusa yana nuna wa yara sawun gwanki, yana faɗa musu yadda ake gane na jiya da na yau. Bai kai ƙarshen zancensa ba na karɓe, na shiga jero sunan dabbar da Turanci da irin ciyawar da littafi ya ce tana ci. Sai da wata yarinya ta ce a hankali, "Malam, don Allah a bar shi ya ƙarasa." Na bar shi, amma na rage mata maki a zuciyata.

Inda halin nan ya gamu da gamonsa shi ne Azbin. Wani hunturu ne, kafin tawayen da ya ɓarke a Iferwan a Fabrairun 2007 ya kori masu yawon buɗe ido daga arewacin Nijar. Wani abokin aikina mai dangi a Tawa ya ja ni, muka bi ta Sakkwato da Illela, muka tsallaka Birnin Ƙonni, muka wuce Tawa da Abalak har Agadas. Tun a mota na fara karatu ga wanda bai tambaye ni ba. Na gaya wa fasinjoji cewa gandun Azbin da Tenere an kafa shi a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Kebbi, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77,000, wato ya ninka Kebbi biyu har da ɗoriya. Duk gaskiya ne. Matsalata ke nan, yawancin abin da nake faɗa gaskiya ne, shi ya sa ba a iya tsayar da ni.

A Agadas na sami wani dattijo zaune a gindin hasumiyar babban masallaci. Bayan mun gaisa na shaida masa cewa tsawonta mita 27 ne, an gina ta wajen 1515, an sabunta ta a 1844. Ya dube ni, ya dubi hasumiyar, ya kira ni da sunan da suke kiran malamin boko a can, ya ce, "Madalla, Mushe. Mu dai hawa muke yi."

Shirina shi ne mu yi hayar mota kat-kat, irin mai shiga yashi, mu shiga sahara da kanmu. Ina da taswirar Michelin da na lanƙwashe har ta fara yagewa, ina da kamfas a aljihu, me ya rage? Sai aka ce ba haka ake yi ba. Ba a fita da baƙo cikin sahara sai da takardar hanya daga kamfanin da ke da izini, jandarmomi su duba ta a shinge, kuma kamfanin ba ya ba da takarda sai da direbansa da ja-goransa. Na yi ta faɗa. Na kawo musu misalin Amurka, inda akwai gandun hamada da ake kira Death Valley, wurin da aka taɓa auna zafi ya kai digiri 56.7 a 1913, amma mutum ya ɗauki iyalinsa a mota ya zaga ya fito babu mai riƙe masa hannu. Mai kamfanin ya saurare ni har na gaji, sannan ya tambaya, "Can akwai kwalta?" Na ce akwai. "Akwai alluna?" Na ce akwai. "In mota ta mutu, akwai mai zuwa?" Na ce akwai. Ya ce, "To ai su ma da ja-gora suke tafiya, sai dai nasu an kafe shi a bakin hanya."

Har yau ban yafe masa wannan amsa ba, domin ni ya kamata in faɗe ta. Abin da ake kira yawo da kai ba ya yiwuwa sai inda wani ya riga ya yi wahalar, ya auna hanya, ya shimfiɗa ta, ya rubuta inda ruwa yake. A Tenere ba a rubuta komai ba. Allon yana cikin kan mutum, mutumin kuwa sai ka ɗauke shi a mota ka ba shi kujerar gaba.

Kujerar gaban ce ta fara haɗa mu. Wanda aka ba mu wani Buzu ne siriri daga Kel Owi, rawaninsa ya rufe baki, ido kaɗai ake gani. Tun yana yaro yake bin ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma. Yana kirana Mushe, yadda suke kiran malamin boko a can, ni kuwa ina ce masa Madugu, da 'yar gatse a ciki wadda na zaci bai ji ba. Ba ya magana da direba. Hannu kawai yake ɗagawa, ya karkata yatsu dama ko hagu, mota ta bi. Ni ina baya, taswira a cinya, ina ta sanar da inda muke. A Timiya, inda lambunan lemo da rumman suke tsakiyar baƙaƙen duwatsu, na yi daidai. Da muka bar duwatsun muka fuskanci gabas, taswirar ta koma fili rawaya babu ko layi, amma ban fasa sanarwa ba.

Da asuba na tarar suna sace iskar tayoyi. Na ce wannan ganganci ne, taya za ta lalace. Madugu ya ce taya mai laushi tana shimfiɗuwa a kan yashi, mai tauri kuwa tona take yi, kuma tudu da sanyin safiya ake hawansa kafin rana ta sassauta shi. Na ce ai na sani, gwada su nake yi.

Sai maganar alƙibla. Magariba ta yi, Madugu ya ja layi da ƙafa a kan yashi ya tsaya. Na ce a dakata. Na fito da kamfas, na ɗora a kan murfin injin mota don ya zauna daidai, na duba, na ce an karkace sosai, a juyo dama. Abokina har ya fara gyara tsayuwa. Madugu bai motsa ba. Ya ce, "Mushe, ɗauko agogon naka ka taho nan." Na ɗauko, na yi taku kaɗan daga mota. Ya ce, "Mi ya ce yanzu?" Ina kallo allurar ta juya a hankali ta koma ta goyi bayan layinsa. Ƙarfen mota ne ya ja ta. Wannan darasi ni nake koyar da shi a aji, har ina fitar da shi a jarrabawa. Na bi shi salla ina tunanin ko akwai littafin da zai cece ni.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne a tuddan Temet, gindin dutsen Girebun, inda ake cewa wasu tuddan yashin sun kusa mita 300. Bayan isha na ɗauki buta zan zagaya. Madugu yana tona burodin da ya binne cikin yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Kada ka tsallake tudu, Mushe. Ka tsaya inda kake hango wuta." Da bai faɗa ba, da ban tsallake ba. Na tsallake ɗaya, na ƙara da na biyu don kunya. Da na gama na juyo, babu wuta, babu mota, iska ta share sawuna. Na hau tudun da na tabbata shi ne, na tarar da wani tudun. Na ɗaga kai, ga Kaza da 'Ya'yanta nan sarai, na san sunanta har da na Turanci, amma ta ƙi gaya mini inda aka ajiye mota.

Abin yi a nan sananne ne, ka tsaya wuri ɗaya ka yi kira. Ni kuwa na tsaya ina shawara da kaina a kan wace irin murya zan yi da ba za a gane kiran ɓata ba ne. Na gwada tari. Na gwada gyaran murya. Daga ƙarshe na kama waƙe-waƙen da muke yi muna yara lokacin bikin Uhola, wai in an ji a ce Malam yana shan iska ne. Ina cikin haka, sanyi ya fara shiga ƙashi, sai na ga fitila tana saukowa daga bayana, ta inda na rantse babu kowa. Madugu ne. Ya karɓi butar ya juya, na bi shi. Ko minti biyar ba mu yi ba muka iso. Ya zuba mini shayi, ya miƙo mini burodi, bai ce uffan ba. Da ya yi mini dariya, da na sami abin riƙewa. Ni ne na ce, "Na ɗan tsaya duba taurari." Ya ce, "Suna nan lafiya?"

A daren ya ba mu labarin itaciyar Tenere, ƙayar da ta tsaya ita kaɗai a kan hanyar Agadas zuwa Bilma, saiwarta ta nutse fiye da mita 30 tana neman ruwa, ayari bayan ayari suna wucewa ba mai karya mata reshe. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Kowa ya yi tsaki yana mamakin yadda mutum zai sami fili iya ganinsa ya je ya daki abu ɗaya tak da ke cikinsa. Ni ban yi mamaki ba. Na ji a jikina cewa an ce masa ya bi ta gefe ne.

Ina ba da labarin nan ana dariya domin tudu biyu kawai na tsallake. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace ruwa ya ƙare. Sahara ba ta duba takardar makaranta. Ko Heinrich Barth, Bajamushen da muke karanta littafinsa, a ƙarƙashin kariyar Kel Owi ya shiga Agadas a 1850, kuma ayarin gishirinsu ya biyo ya sauko ƙasar Hausa. Shi ya rubuta littafi, amma wani ya nuna masa rijiya. Sanin madugu irin wanda ke lalacewa ne in ba a sabunta shi ba: wace rijiya ce ta ƙafe bana, wane tudu ne ya matso ya rufe hanyar bara, wa aka gani jiya a wane kwari. Taswira ba ta ɗaukar irin wannan, domin kafin a buga ta ya canza.

Da a ce ni mutumin kirki ne, da nan zan ce na warke. Hali zanen dutse. Abin da ya faru shi ne ƙasarmu ta koma irin wadda sai da madugu. Tun da 'yan bindiga suka addabi Danko-Wasagu da Sakaba, ba wanda ke fita Zuru bai leƙa tasha ya ji ta bakin direbobi ba, ko ta Rijau za a bi zuwa Kontagora, ko ta Mahuta zuwa Koko, ko kuwa yau a haƙura a kwana gida. Wayar hannu tana nuna hanya da kilomitocinta, amma ba ta san wanda ya kwana a bakinta ba. Dole ta sa ni ma nake zuwa, sai dai na ƙirƙiro dabarar tambaya ba tare da na tambaya ba. Nakan tsaya kusa da yaran mota in ce da ƙarfi, "Yau ai ta Rijau ta fi." In sun ce haka ne, na faɗa. In sun ce, "A'a Baba, yau kam kada ka bi," sai in ce, "Yawwa, so nake in ji ko kuna bin labari." Sun gane ni tuntuni. Yanzu da sun hango ni tafe, babbansu yakan ce, "Ku gaya wa Malam abin da ya riga ya sani, ya samu ya kama hanya."